Na zauna ba wanda ya kula ni: tambayoyinku kan pub da gidan abinci a Ingila

Duk shekara da zarar an shiga Satumba, lokacin da sababbin ɗalibai ke sauka a Ingila, sai wasiƙun da ke zuwa mini su karkata kan maganar ciki: ina za a ci, me za a ci, nawa za a biya. A wannan karon huɗu daga ciki sun haɗu a kan wuri guda, wato gidan nan da Turawan Ingila ke kira pub, mu kuma muke fassarawa da mashaya. Shi ya sa na tattara su a nan.

Assalamu alaikum Kawu. Satina uku ke nan a Coventry, karatun digiri na biyu ya kawo ni. Ranar Asabar yunwa ta kama ni a cikin gari, na ga wani gida mai tukwanen furanni a rataye, da allo a ƙofa an rubuta ana sayar da abinci. Na shiga na zauna. Wallahi na fi minti 25, ma'aikata suna wucewa ta gabana da faranti, ba wanda ya ce mini ci kanka. Na tashi na fita raina a ɓace. Kawu, don ni baƙar fata ne? Daga ɗanka a Coventry.

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da zuwa, sannu da sanyi. Na ji zafin abin da ya same ka, domin yunwa da baƙunci in suka haɗu, ƙaramin abu ma sai ya yi wa mutum nauyi a zuciya. Amma daga yadda ka kwatanta wurin, pub ka shiga, kuma a yawancinsu ba a zuwa tebur a tambayi mutum abin da zai ci. Ko Baturen da aka haifa a layin ne ya zauna yadda ka zauna, haka zai yini bai ga ko ruwa ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma ba a rubuta wannan doka a bango ba, shi ya sa take kayar da kusan duk wanda ya zo sabo.

Ga yadda ake yi. In ka shiga, kai za ka zaɓi teburinka. Duba kusurwar teburin, za ka ga lamba, sau da yawa a jikin wani ɗan ƙarfe zagayayye da aka manna. Riƙe lambar a kanka, ka bar rigar sanyinka a kan kujera don a san da mutum, ka ɗauki takardar abinci ka tafi kanta. Can za ka faɗi abin da kake so da lambar teburinka, ka biya nan take. Abin sha da hannunka za ka ɗauko, abinci ne kawai za a biyo ka da shi. A wasu wuraren ma cokali da wuƙa da gishiri suna kan wani ɗan tebur a gefe, kowa na ɗibar nasa. Wurare da dama sun ƙara da yin oda ta waya, musamman tun bayan annobar korona, kamar gidajen kamfanin Wetherspoon da ke da manhajarsu, kana zaune ka latsa a kawo maka.

A kantar kuma ba za ka ga layi ba, sai mutane a jere kafaɗa da kafaɗa. Layin yana nan, a kan mai sayarwa yake, ya san wanda ya riga wani. Kada ka ɗaga murya, kada ka buga kanta, kada ka yi masa tsaki ko ka kira shi da hannu. Haɗa ido ya isa. In ya zo kanka alhali ka san na kusa da kai ya riga ka, nuna masa shi. Wannan ɗan abu yana sayo wa mutum mutunci a wurinsu fiye da yadda kake zato.

Dalilin duk wannan yana cikin sunan. Pub gajarta ce ta kalmomi biyu da ke nufin gidan jama'a. Asalinsa falon unguwa ne, inda mutum ke zuwa bayan aiki ya zauna da maƙwabta, a yi hira, a kalli ƙwallo, a sha abin da ake sha. Ka tuna teburin mai shayi a gida. Mai shayi ba ya bin ka benci da takarda da biro, kai ne za ka matsa ka ce a soya maka ƙwai uku, sannan ba wanda zai tashe ka don ka gama, kana iya zama har hira ta watse. To haka pub yake. Gidan abinci kuwa tebur yake ba ka haya tare da hidima: a tarbe ka a ƙofa, a zaunar da kai, a zo a tambaye ka, a kawo bil a ƙarshe, kuma a manyan garuruwa tun wajen kama wuri ake gaya maka awa ɗaya da rabi ko biyu gare ka.

Yadda za ka bambance su tun daga ƙofa ba wuya. In ka ga suna irin Red Lion ko Crown ko Royal Oak da hoto a rataye, ka leƙa ka ga doguwar kanta da famfunan giya a jere, tebura kuma tsirara ba cokali ba kofi, pub ne. In ka ga tebura an shirya su da cokula da kofuna, da wani tsaye a ƙofa ko allon da ke cewa a jira a zaunar da kai, gidan abinci ne. Akwai masu haɗa biyun, ɓangare ɗaya na masu sha, ɗaya na masu ci da ake yi wa hidima har tebur. In ka rikice, tambayi ma'aikaci ko a kanta ake yin oda. Matambayi ba ya ɓata.

Maganar launin fata kuma, ba zan ce maka babu ita ba, don na san tarihinta. A shekarun 1960 akwai mashayu a Ingila da ke hana baƙaƙe da Indiyawa shiga wasu ɗakuna. Garin Smethwick, kusa da Birmingham, ba nisa da inda kake, ya yi ƙaurin suna a kan haka har Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya je ya gani da idonsa a Fabrairun 1965, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. A shekarar ce aka yi dokar farko da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a, yau kuma dokar daidaito ta 2010 ce ke aiki. Ma'aunin da zan ba ka shi ne wannan: in ka tsaya a kanta, aka yi ta sallamar waɗanda suka zo bayanka ana tsallake ka, to wannan magana ce, ka nemi manaja. Zaman tebur kaɗai ba ya nuna komai.

Kawu ina wuni. Ina aikin jinya a wani asibiti a Manchesta, shekara biyu ke nan. Shugabar sashenmu za ta yi ritaya, an shirya mata liyafar ban kwana a pub ranar Juma'a da yamma. Matar nan ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun da na zo. In ban je ba kunya za ta kama ni, in na je zuciyata ba za ta kwanta ba. Kuma in na je ɗin, me zan ci? Daga 'yarka a Manchesta.

Lafiya lau 'yata, Allah Ya yi albarka. Tambayoyi biyu kika yi, kuma ta farkon ta fi nauyi.

Rashin kwanciyar zuciyarki yana da tushe. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, wanda ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Pub kuwa, komai kyan abincinsa, giya ce ginshiƙinsa, musamman daren Juma'a. Fatawa a kan halin da kike ciki ta malaminki ce, ki same shi. Abin da ni zan iya ba ki shi ne abin da na gani a shekarun da na yi ina aiki da mutanen nan.

Mukan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A wannan wuri ban yarda da karin maganar ba, kuma su kansu Turawan ba su nemi haka daga gare ki ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ki ce za ki zo sannan a neme ki a rasa, ko ki yi ta kawo uzurin ƙarya yau ciwon kai gobe baƙi. In kika faɗi gaskiya a jimla ɗaya, cewa addininki bai bar ki zama wurin shan giya ba, yawancinsu za su ce sun fahimta, magana ta ƙare. Saboda haka ki sami matar nan ita kaɗai kafin ranar. Ki kai mata kyauta da kati da kika rubuta da hannunki, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, cewa ta riƙe ki kamar 'ya. Ki dafa wani abu daga gida, dafa-duka ko cincin ko dambun nama, ki kawo ɗakin hutun ma'aikata a ranar aikinta ta ƙarshe. Na tabbata wannan zai zauna mata a rai fiye da ganin fuskarki a cikin mutum talatin da hayaniya.

Sannan nan gaba ki riƙa shiga cikin masu shirya irin wannan taro tun da wuri. Sau da yawa ana zaɓar pub ne don shi ya fara zuwa a rai, kuma yana ɗaukar mutane da yawa ba tare da wahala ba. Ke da kike Manchesta, ga titin Wilmslow a Rusholme cike da gidajen abincin halal, wasunsu ko giya ba sa sayarwa. In kika kawo shawara da suna da farashi a hannu, da wuya a ƙi.

Yanzu ta biyun, domin ko ba wannan karon ba, wata rana tafiya ko aiki na iya kai ki ƙauyen da babu inda ake dafa abinci sai pub. Abu na farko, ki ɗauka duk naman da ke wurin ba yankan Musulmi ba ne sai in an tabbatar miki. Na biyu, naman alade yana ɓuya a bayan sunaye da yawa waɗanda ba su yi kama da shi ba. Gammon da ham da bacon duk shi ne. Sausage, wanda suke kuma kira bangers, na alade ne in ba a faɗi wani nama ba. Black pudding sunansa kamar kayan zaƙi, alhali jini ne aka daskarar, galibi na alade. Scotch egg dafaffen ƙwai ne da aka naɗe da niƙaƙƙen naman alade aka soya. Lard kitsensa ne, kuma yana shiga kwaɓin fulawar wasu abubuwan gashi. Ko gasasshen naman ranar Lahadi, wanda shi ne abin alfaharin kowane pub, akan ɗora masa ƙananan sausage naɗe da bacon a gefe, musamman lokacin Kirsimeti.

Giya ma tana shiga tukunya. Kifi da soyayyen dankali, wanda kowa ke gudu wurinsa yana ganin ya tsira, a pub sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. In kin ga an rubuta beer battered, shi ke nan. Naman sa da ake rufewa da fulawa a gasa, mai suna steak and ale, da giya ake dafa shi, sunan ma ya faɗa. Romon da ake zubawa a kan gasasshen nama yana iya ɗaukar jar giyar inabi. A ɓangaren abin sha, cider a Birtaniya barasa ce ta tuffa, shandy kuma giya ce da aka sirka da lemo.

Ga wani tarko da mutanenmu da yawa ke faɗawa. Doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da riɗi. In kika ce akwai abin da ba kya ci, nan da nan za a miƙo miki wannan takarda. To naman alade ba ya cikin 14 ɗin, barasa ma ba ta ciki. Harafin V da ake sa wa abincin marasa cin nama ya kawar miki da alade, amma bai ce komai a kan giya ba. Dole ki buɗe baki ki tambaya ɗaya bayan ɗaya: akwai giya a kwaɓin? A mai ɗaya ake soya dankali da sausage?

Kada ki ji kunyar tambayar. Wata Lahadi ruwan sama ya tare ni da iyalina a wani ƙauye a tsaunukan arewacin Ingila, yara na kukan yunwa, ba shago ko ɗaya a buɗe. Muka shiga pub ɗin garin muka zauna can ƙurya kusa da murhu. Itace na ci, wani tsoho na karanta jarida, karensa jiƙe sharkaf a ƙarƙashin kujera, an rubuta abincin ranar da alli a baƙin allo. Na tambayi matar da ke kanta yadda suke kwaɓa kifinsu. Ta goge hannu a jikin tawul, ta shiga kicin, ta dawo ta ce da giya ne, amma kuku ya ce zai gasa mana namu da man shanu da lemon tsami a kasko daban. Ta ƙara da cewa kada mu ci soyayyen dankalinsu don da kitsen sa suke soyawa, za ta kawo mana dafaffe. Ban tambaye ta wannan ba, ita ta hango. Har yau ina yi wa matar nan fatan alheri.

Abin da ya fi sauƙin samu ba tare da dogon bincike ba shi ne babban dankalin Turawa da ake gasawa da ɓawonsa a tsaga a zuba wake da cuku ko kifin gwangwani, sai gasasshen kifi, sai miyar kayan lambu da burodi in kin tambayi abin da ke ciki. Abin sha kuma akwai lemo iri-iri, ruwan famfo kuwa kyauta ne, doka ce a kan duk mai lasisin sayar da barasa a Ingila ya ba wanda ya nema. Abu ɗaya ki kiyaye: suna da al'adar zagaye, wannan ya saya wa kowa, in an shanye na gaba ya saya. In kika karɓi lemo a zagayen wani, za a sa ran naki zagayen, wanda ke nufin ki saya wa mutane giya da kuɗinki. Tun farko ki ce kin gode, za ki sayi naki.

Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, nakan zo Landan sau biyu a shekara. Abokin hulɗata Bature ya kai ni wani pub cin abincin rana, tun a mota yake yabon girkinsu. Aka kawo kifi da dankali na fam 19, ba gishiri ba yaji, da wani koren wake da aka dama kamar fate. Shi kuwa har da lumshe ido. Wata rana kuma ni kaɗai kusa da tashar jirgin ƙasa na sayi taliyar kayan lambu da aka gasa da cuku, gefe na ƙona baki, tsakiya sanyi ƙalau. Shin cutata ake yi, ko haka abin yake?

Barka kadai Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. A na farkon ba a cuce ka ba. A na biyun an yi maka ba daidai ba, kuma da ka yi magana da an canza maka.

Bari in fara da inda abincin pub ya fito, don shi zai nuna maka abin da ya kamata ka sa rai. Shekaru da yawa abinci ɗan rakiya ne a wurin. Abin da ake samu bai wuce gyaɗa mai gishiri, soyayyen dankali na leda, ƙwai da aka jiƙa a ruwan tsami cikin kwalba, da burodi da cuku ba, kuma yawancinsu masu jawo ƙishi ne don a ƙara sayen abin sha. Shi kansa farantin burodi da cuku da albasa da suke kira abincin manomi, wanda baƙi ke ɗauka tsohuwar al'ada ce, masu tallan cuku da hukumar cinikin madara ne suka yayata sunansa a shekarun 1950 da 1960 don a sayi cuku. Sai a 1991 wasu mutum biyu, David Eyre da Mike Belben, suka karɓi wani pub mai suna The Eagle a titin Farringdon a Landan, suka sa kicin a fili suna girki na gaske. Daga nan aka sami kalmar gastropub, wato pub ɗin da girki ne gabansa. Abin ya yi nisa har wani mai suna The Hand and Flowers a garin Marlow, na kuku Tom Kerridge, ya zama pub na farko da ya sami taurari biyu na Michelin a 2011, darajar da manyan gidajen abinci ke shekaru suna nema.

Ana cikin haka kasuwar giya ta ja baya. An hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a Ingila ranar 1 ga Yulin 2007, manyan kantuna na sayar da giya da araha mutane na sha a gida, matasa kuma sun rage sha. Birtaniya na da pub wajen 60,000 a shekarar 2000, yau ba su kai 50,000 ba. Waɗanda suka tsira, da yawansu abinci ne ya cece su. Shi ya sa yanzu kusan kowanne ke kafa allon abinci a ƙofa, har wanda kicin ɗinsa bai wuce firiza da na'urar ɗumama abinci da tukunyar suya ba. Iyakar da ke tsakanin pub da gidan abinci ta dushe har ta kai a ƙarshen 2020, lokacin dokar korona, da gwamnati ta ce a wasu yankuna ba a sayar da giya sai tare da cikakken abinci, ministoci suka yi kwanaki ana tambayarsu a rediyo da talabijin ko ƙwan nan Scotch egg guda ɗaya ya cika abinci.

Saboda haka suna ɗaya ne, amma gida uku ne. Akwai na masu sha, wanda abinci a wurinsa cika baki ne. Akwai na manyan kamfanoni masu rassa ɗaruruwa, inda ake dafa yawancin abincin a masana'anta a kawo shi a daskare, farashi da sauƙi, ɗanɗano iri ɗaya daga Landan har Glasgow. Sai na masu girki, inda kuɗin ke kamo na gidan abinci, wani lokaci ya wuce. Takardar abincin ita za ta gaya maka inda kake. In ka ga doguwa ce mai sheƙi da hotuna, abinci kala hamsin, daga na Indiya zuwa na Italiya zuwa na Meziko, ka san ba kuku ɗaya da zai dafa wannan duka daga ɗanye. In ka ga gajera ce, kala bakwai ko takwas, an rubuta da alli, an ma goge ɗaya don ya ƙare, akwai mai girki a ciki. Ban raina na kamfanonin ba, ɗalibai da tsofaffi masu ƙaramin fansho da yawa da su suka dogara. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kifin da abokinka ya lumshe wa ido, ina jin mai kyau ne a ma'auninsu. Abin da Bature ke nema a ciki shi ne ɓawon ya yi ƙarau, naman kifin ya yi fari yana rabuwa falle-falle, mai bai jiƙe shi ba. Gishiri da ruwan tsami suna kan tebur, an bar wa mai ci ya sa daidai bakinsa. Koren waken da ka gani haka ake yin sa, dafa shi ake yi har ya narke. Girkinsu na ƙasar sanyi ne, an gina shi a kan dankali da romo da man shanu, burinsa ya cika ciki ya ɗumama jiki. Harshen da ya tashi da attarugu da daddawa ba zai ji komai a ciki ba a karon farko, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Da yawa daga cikinmu da ɗan ƙullin yajin ƙuli muke yawo a aljihu, kuma ban taɓa ganin wanda aka hana barbaɗawa ba. Sai dai ka karanta abin da na gaya wa 'yarmu ta Manchesta a kan kwaɓin kifi, ka tambaya kafin ka sake ci.

Abin da kake da haƙƙi a kansa a kowane pub, mai tsada ko mai araha, shi ne abinci ya zo da zafi har tsakiya, ya zama abin da aka rubuta, faranti da cokali su kasance da tsabta. Taliyar da tsakiyarta ke da sanyi daga firiza ta fito ba a ɗumama ta sosai ba, kuma wannan ya wuce maganar daɗi, maganar lafiya ce. Dokar kare masu saye ta 2015 tana bayanka. Yadda ake yi shi ne ka tsaya a loma ta biyu, ka ɗauki farantin ko ka je kanta, ka faɗa da murya ƙasa-ƙasa cewa tsakiyar da sanyi. Za a sake maka ko a mayar maka da kuɗinka. In ka cinye sannan ka yi ƙorafi, ka raunana maganarka. Kafin ka shiga kuma, duba ƙofa ko taga, akwai wata takarda kore da baƙi mai lamba daga 0 zuwa 5, sakamakon binciken tsabta ne na jami'an ƙaramar hukuma. A Wales dole ne a manna ta, a Ingila ganin dama ne, don haka mai 5 ba ya ɓoye tasa. Ka kuma lura da lokaci: pub na iya kasancewa a buɗe har 11 na dare alhali kicin ya rufe tun 9, a ƙauyuka ma akan rufe shi tsakanin abincin rana da na dare.

Kawu, a watan Yuli za a yaye ni a Birmingham. Baba da Mama za su zo daga Zariya, ga yayata da 'ya'yanta uku, mu bakwai ke nan. Abokan karatuna sun ce in kama tebur a pub, ya fi araha. Ka ba ni shawara, kuma nawa ake ba da tukuici?

Barka da arziki 'yata, Allah Ya sa a yi a sa'a. Kada ki kai su pub. Araha ba ta ado, kuma ranar ta iyayenki ce. Ki yi tunanin Baba da babbar riga yana ratsa masu riƙe da kofunan giya, kare na shinshinar zanen Mama, ke kuma kina tsaye a kanta kina ƙoƙarin tuna odar mutum bakwai. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba sa shiga sai da babba, wurare da yawa kuma suna sallamar masu yara da an yi 8 ko 9 na dare. Za ki ji ana yabon mashayun 'yan Punjab da ke yankin, irin na Smethwick da West Bromwich, saboda gashin namansu. Gashin ya cancanci yabo, amma yawancin masu su mabiya addinin Sikh ne, kada ganin fuskar ɗan Asiya ya sa ki ɗauka naman halal ne.

Birmingham ba ta rasa inda za ki kai su ba. Titin Coventry a Small Heath da titin Ladypool da Alum Rock duk gidajen abincin Musulmi ne, na Pakistan da na Yaman da na Somaliya, masu shinkafa da gasasshen rago da Baba zai gane a ido. Ki buga waya tun wata guda kafin ranar, don makon yaye ɗalibai ko'ina cika yake. Ki tambaya ko duk namansu halal ne ko kaza kawai, ko suna da shaidar HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance halal, ko ana shan giya a wurin, da ko za su nemi kuɗin kafin alƙalami na mutum bakwai.

Tukuici a kantar pub ba a sa ransa. A gidan abinci kuwa kashi 10 zuwa 12.5 cikin ɗari aka saba. Ki duba ƙasan bil tukuna, domin tebur mai yawa irin naku sau da yawa an riga an ɗora kuɗin hidima, kada ki biya sau biyu. Tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin nan gaba ɗaya na ma'aikata ne, mai gida ba ya taɓawa.

Ki kama teburin ƙarfe 6 na yamma. A Yuli rana ba ta faɗuwa a Birmingham sai bayan 9, kun ga za ku ci a natse, yara su gama ɓarinsu, Baba ya sami Magariba a masallaci a kan titin.